Shekarar da Na Goge Magulmaci

Kun taso kuna jin cewa babanku ne ya hana ni karanta labarai a rediyo. Goggonninku sun faɗa, maƙwabta sun faɗa, har ke Hauwa kin taɓa maimaita mini shi a kicin kina yanka albasa, kamar abin da kika gani da idonki. Ba haka ba ne. Malam bai taɓa hana ni fita aiki ko na wuni ɗaya ba. Ya ɗauki wannan zargi shekara da shekaru bai ce uffan ba, domin ni na roƙe shi ya yi shiru. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, mutumin da nake rufa wa asiri shi ma ya tafi, saboda haka ga yadda aka yi. Zan faɗe shi a jere yadda aka koya mini rubuta labari: me ya faru, a ina, wa ya yi.

A wannan shekarar ni ce shugabar sashen Hausa a gidan rediyon da kuka sani, kuma ni ke karanta labaran ƙarfe shida. A ƙarshen barandar ofishinmu akwai wani ɗan ɗaki, shi kaɗai ne na'urar sanyinsa ba ta taɓa lalacewa ba a duk zafin Yola, domin a ciki babbar kwamfutar gidan take, wadda ake kira saba. Duk sauran kwamfutocin daga gare ta suke ɗibar abinci: rubutun labarai, tallace-tallace, kiɗan buɗe shiri, komai. Amma abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne tsofaffin shirye-shirye. Mun yi shekara uku muna juye su daga faifan tef zuwa cikinta, ɗaya bayan ɗaya: shirin manoma, hirarrakin da aka yi da dattawan Wuro Hausa tun kafin a haife ni, masuntan bakin Binuwai, waƙoƙin biki da na coci cikin harsunan kudancin jiha waɗanda ni kaina ba na ji. Da muka gama, sai aka kwashe faya-fayan aka zuba a wani sito mai yoyo. Damina biyu ta mayar da su abin da ko akuya ba za ta shinshina ba. Wato duk muryoyin nan ba su da wani gida a duniya sai wannan akwatin ƙarfe da ke ƙarshen baranda.

Yadda mabuɗin ɗakin da kalmar sirrin shiga sabar suka zo hannuna abin dariya ne. An tura ni kwas ɗin kwamfuta na mako biyu. A aikin gwamnati kuwa, wanda ya yi kwas na mako biyu ya zama masani ke nan har ya yi ritaya.

Kamfanin da ya kafa mana sabar ya sa wata manhaja a cikinta, aikinta kawai ta rubuta wa ya buɗe me, wa ya canja, wa ya goge, da ƙarfe nawa, daga wace kwamfuta. Sunanta na Turanci dogo ne, ba wanda ya damu da shi. Ma'aikata suka raɗa mata Magulmaci. Duk ƙarshen wata sai ta fitar da rahoto a kai wa hukumar gudanarwa. Da farko ba wanda yake karantawa. Ranar da wani ya karanta, sai aka ga wasu labaran da edita ya sa wa hannu ƙarfe biyar ana canja su kafin shida, kuma daga kwamfutar ofishin manaja ake canjin. Magulmaci bai ce don me ba. Ya dai faɗi lokaci da wuri.

Manajan shi ne Alhaji Bobbo, wanda kuka sani da Bappa Bobbo, mai kawo muku dabino. Aminin mahaifina ne tun suna yara a Wuro Hausa, kuma shi ne waliyyina ranar da aka ɗaura aurena da babanku. A ofis ina ce masa ranka ya daɗe, in mun keɓe ina ce masa Bappa. Ranar wata Alhamis bayan la'asar ya aiko a kira ni, ya ce in tura ƙofa.

"Maimuna, wannan abin naku da ke cikin saba, yana sa na'ura nauyi. Kowa yana kuka. Ki cire shi."

"Ranka ya daɗe, kamfanin ne suka sa. Ko a kira su?"

"Su zo daga Abuja saboda ɗan wannan abu? To kwas ɗin me kika je? Yau nake so."

Na san ƙa'ida. Umarni irin wannan a rubuce ake karɓarsa. Na tsaya da maganar a bakina, na dubi furfurarsa, na kasa. A gidanmu ba a ce wa wanda ya tsaya maka a matsayin uba ya rubuta maka abin da ya faɗa, domin daidai yake da ka ce masa ba ka yarda da bakinsa ba. Na ce to, na fita.

Ga kuskuren da na yi, kuma nawa ne ni kaɗai. Da na nemi cire Magulmaci ta hanyar da aka koya mana, sai ya ce in ba shi wata kalmar sirri ta daban, wadda ke hannun kamfanin. Mai hankali a nan zai tsaya. Amma ni tarbiyyar tef ce. A zamaninmu in an ce a cire shiri, sai ka je kanta ka ɗauke faifansa, magana ta ƙare. Haka na yi. Na bi na'urar lungu-lungu, duk inda na ga abu mai ɗauke da sunan nan na goge shi da hannu, har da wasu ƙanana biyu da ke can cikin wurin da aka ce mana a kwas kada mu taɓa. Sau biyu ta tambaye ni ko na tabbata, sau biyu na ce e. Abu ɗaya na yi na kirki, shi ma ɗabi'a ce ba dabara ba: duk abin da na yanke daga labari ina rubuta shi a bayan littafina, don haka duk abin da na goge na rubuta sunansa harafi-harafi. Da na gama na kashe ta na kunna, yadda aka ce a riƙa yi.

Ta taso, fankokinta suka yi ƙara, alamar farko ta fito. Sai fuskar ta koma shuɗiya da farin rubutu, kafin in karanta kalma biyu ta mutu. Ta sake tasowa da kanta, ta sake mutuwa a daidai wurin. Kamar motar da ake turawa, ta yi tari, ta yi shiru, a sake turawa. Ina tsaye ina kallo har na ji mai shirin gaishe-gaishe ya fito daga situdiyo yana ihu a baranda wai kiɗansa ya ɓace a tsakiyar gaisuwar wata amarya.

Bappa ne ya fara shigowa. Ya dubi na'urar, ya dube ni.

"Wa ya san kin shigo nan?"

"Babu kowa."

"To wuta ce. Ai ɗazu aka juya mu zuwa janareto."

"Bappa, ba wuta ba ce. Ni na..."

"Maimuna. Na ce wuta ce."

Kafin magariba duk gidan ya san wuta ce.

Babbar injiniyarmu Madam Rifkatu ce, 'yar kudancin jiha, gajeruwa, kullum da sukurdireba soke a gashinta. Hausarta ta Jimeta ce, kowa kai ne a wurinta, mace da namiji, ni kuma Adda take kirana, wato yaya. Mun yi shekaru ni ina gyara mata Hausa ita tana gyara mini makirfo, kuma ita ta fi ni cin nasara. Da aka ce mata wuta ce, sai ta bi wuta, domin abin da aka ba ta ke nan. Ranar Juma'a tun safe ta gwada soket-soket, ta gwada baturan da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ta bi waya har ɗakin janareto ta yi wa mai kula da shi faɗan da bai ci ba bai sha ba. Ta buɗe cikin sabar ta sa hanci. Ni ce na riƙe mata tocila. Ina so ku rubuta wannan a zuciyarku: uwarku, wadda ba ta taɓa barin kalma ɗaya ta ƙarya ta wuce a labarai da saninta ba, ta tsaya wuni guda tana haska wa mace hanyar da ta san ba ta zuwa ko'ina.

"Adda, abin da wuta ya ƙona yana wari," in ji ta. "Wannan ba ya wari. Ka zo ka shinshina."

Na shinshina. Na ce lallai ba ya wari.

Sai ta ce a kawo faifan ajiya na waje, wanda aka ce duk mako ana kwafe komai a cikinsa saboda rana irin wannan. Aka nema a ofis babu. Bayan sallar Juma'a direba ya kawo shi daga gidan manaja. Muka jona shi a wata kwamfuta, sai ga bidiyon bikin ɗansa, tun daga kamu har buɗar kai, da kyau, ba abin da ya ɓace. Na tsofaffin shirye-shiryenmu kuwa ko ɗaya babu. Rifkatu ta kalli amarya tana rawa na ɗan lokaci, ta zare waya.

A waɗannan kwanaki rediyo bai rufe ba, amma gara a ce ya rufe. Faifan waƙa biyar aka samu a cikin durowar wani, su aka yi ta juyawa safe da yamma. Ni ina karanta labarai daga rubutun hannu, wani na biro wani na fensir. In na tsaya sayen tumatir a Jimeta sai mai tumatir ya fara rera mini ɗaya daga waƙoƙin biyar ɗin, abokansa suna amshi.

Ranar Asabar manaja ya sa aka ɗauko Oga Emeka, mai shagon kwamfuta a Jimeta. Zan yi masa adalci, domin daga baya an ɗora masa abin da ba nasa ba. Sau uku ya tambaya ko wani ya taɓa na'urar kafin ta mutu, sau uku Bappa ya amsa masa kafin kowa ya buɗe baki. To shi ma sai ya bi wuta. Ya canja akwatin da ke raba mata wuta, ba ta tashi ba. Ya cire wasu 'yan alluna ya goge su da ƙasan rigarsa ya mayar, ba ta tashi ba. Sannan ya yi abin da ba wanda ya tuna a cikinmu: ya saita wayarsa ya ɗauki hoton shuɗin rubutun kafin ya ɓace. Rubutun yana cewa na'urar ta kasa kaiwa ga faifanta na ciki, inda komai yake.

"Oga, dis wan na fomat," ya ce wa manaja. Ya juyo gare ni da Hausa. "Madam, sai an wanke shi tas, a zuba sabo. Awa biyu, rediyonku ya dawo."

"Abin da ke ciki fa?"

"Zai tafi. Amma rediyo zai dawo."

Rifkatu ta ce ba ta yarda ba, faifan yana juyawa lafiya, tana jin ƙararsa, a ba ta lokaci. Bappa ya ce an ba ta kwana biyu ta kawo wari ne kawai. Ya yanke cewa Litinin ƙarfe goma na safe za a wanke, tunda Lahadi Emeka da Rifkatu duk suna coci. Na dubi fuskarsa lokacin da yake faɗa, na ga ba baƙin ciki a cikinta. In an wanke, tsofaffin rahotannin Magulmaci ma sun tafi. Ban ce ya shirya hakan tun farko ba, ban yi imani ya san bambancin gogewa da wankewa ba. Amma da abin ya zo masa bai kore shi ba.

Ranar Lahadi da hantsi na samu babanku a tsakar gida ya kwance babur ɗin da yake zuwa aiki Girei da shi, hannunsa duk baƙin mai. Na zauna a kan turmi na faɗa masa komai. Bai ɗago ba sai da na gama.

"To wace tambaya kike yi mini? Ko ki faɗa, ko yadda za ki faɗa?"

"Malam, Bappa ne fa."

"Na san Bappa ne, ai shi ya ba ni ke. Miƙo mini sifana mai lamba goma." Na miƙa masa. "Ni abin da na sani, in na kai babur wurin makanike na ce masa mai ne ya ƙare alhali na san ni na cire fulogi, ba makanike na cuta ba."

Da rana na tafi Wuro Hausa. Kakanku, mahaifina, yana kwance a lokacin, ciwon da bai tashi daga shi ba, kuma Bappa Bobbo ne ke zuwa kullum ya zauna a gefensa. Ban iya gaya wa Baba ba. Dada, mahaifiyata, na samu a madafa tana dama fura, na faɗa mata a taƙaice. Ita ba ta san saba ba, amma ta san Bappa.

"Wanda ya tsaya miki a matsayin uba ba a kwance masa zani a kasuwa," in ji ta.

"Dada, muryoyin mutane ne za su tafi. Har da ta Modibbo na bakin masallaci, har da ta Baba yana saurayi."

Ta ci gaba da damu, ta ɗanɗana, ta ƙara nono.

"Bakinsa ne ya ce, hannunki ne ya yi. Ki faɗi na hannu. Na baki ki bar masa, shi da Allah."

Litinin ƙarfe bakwai na samu Rifkatu a ɗakin sabar, ta riga ni, tana zaune tana kallon na'urar kamar mai jinya. Na rufe ƙofa na buɗe bayan littafina na ajiye a gabanta. Na ce ba wuta ba ce, ga abin da na goge ranar Alhamis, ga sunayensu. Ta karanta har ƙasa. Ta cire tabarau.

"Kwana uku! Adda, kwana uku! Kai ka riƙe mini tocila, kana kallona ina shinshina soket kamar kare! Na zagi bawan Allah a ɗakin janareto, har ya ce zai kai ƙarata wurin fasto!"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri na gaba. Matsa mini kujera."

Tana aiki tana bayani, rabi gare ni rabi ga kanta, kuma a nan na fahimci abin da na yi. Magulmaci ba a gefe yake zaune yana leƙe ba. Don ya ga komai, an tsayar da shi ne a kan hanyar da ke tsakanin na'urar da faifanta, duk abin da zai wuce sai ta hannunsa. Kuma na'urar tana da wani kundi da take bi in za ta tashi, kamar jadawalin shirye-shiryenmu: kira wannan, sannan wannan, sannan wancan. Ni na ɗauke Magulmaci kamar faifan shiri daga kanta amma ban soke sunansa a jadawali ba. Duk lokacin da ta taso sai ta zo kan layinsa, ta kira shi ya miƙo mata hanya, shiru, sai ta faɗi. Faifan na'urar lafiyarsa lau, muryoyin suna nan. Da a situdiyo wani sabon ma'aikaci ya yi mini haka, ya cire tef bai gyara jadawali ba ya bar mai gabatarwa yana sanar da shirin da babu shi, da na wanke shi tas a gaban kowa.

Rifkatu ta tayar da na'urar da wani faifan ceto da take ajiye da shi a jakarta, ta shiga kundin ta bayan gida. Layi ne bisa layi, ba iyaka. Ni ina karanto mata sunayen daga littafina harafi-harafi, ita tana nema. Wajen tara da rabi ta samu sunan a wuri ɗaya, ta soke shi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ni na yi bisimilla, muka kunna. Ta taso, ta yi shuɗi, ta mutu.

A haka ƙarfe goma ta same mu. Bappa ya shigo da Emeka riƙe da faifan wanki, rabin ma'aikatan gidan suna biye da su har baranda ta cika.

"Madam Rifkatu, tashi ki ba shi wuri."

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar. Na san ciwon yanzu."

"Me kika sani yau da ba ki sani ba ranar Asabar?"

Rifkatu ta san sirrin ba nata ba ne. Ta dai juyo ta dube ni, ta ci gaba da dubana. Emeka ya riga ya buɗe kwalin faifansa. Na miƙe, na yi magana da muryar da nake karanta labarai da ita.

"Ba wuta ba ce. Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga na'urar nan na goge Magulmaci da hannu, ba bisa ƙa'ida ba. Shi ya hana ta tashi. Abin da ke cikinta yana nan lafiya. In an wanke, ba don ya lalace za a wanke ba."

Bappa ya dube ni, ya gyara zaman hularsa, sannan ya yi mini tambayar da har gobe in na tuna ta sai na ajiye abin da ke hannuna.

"Wa ya sa ki?"

A gaban kowa. Da fuskar mai neman sani. Ya san ba zan faɗa ba, shi ya sa ya tambaya.

"Hannuna ne ya goge, ranka ya daɗe."

"Ehen!" in ji Emeka, ya rufe kwalinsa da ƙarfi. "Sau uku na tambaya! Tiri taims!" Bai jira izinin kowa ba ya ja kujera kusa da Rifkatu, ya karɓi littafina ya duba. Ya ce irin wannan manhaja ba wuri ɗaya take rubuta sunanta ba, ya taɓa gani a wani banki, a duba ƙasa inda aka jera ɓangarorin faifan. Suka duƙufa su biyu suna gardama da Turancin kasuwa, kowa yana ture hannun ɗan'uwansa. Bappa ya tsaya ɗan lokaci, ya ga ba mai kallonsa, ya koma ofis. Kafin a kira azahar suka samu suna na biyu, suka soke. Aka kunna. Ta taso, ta zo daidai inda take faɗuwa, ta ɗan tsaya, ta wuce. Rifkatu ba ta yi murna ba sai da ta buɗe ma'ajiyar tsofaffin shirye-shirye ta ga sun cika, ta taɓa ɗaya, muryar wani masunci ta fito yana bayanin yadda ake gane ruwa zai ƙaru. Sannan ta ce wa Emeka ya kawo sabon faifan waje yau ɗin nan, kuma a jakarta zai riƙa kwana.

Washegari takardar tuhuma ta zo mini da sa hannun Bappa: in yi bayanin dalilin da ya sa na taɓa kayan gwamnati ba da izini ba, na kuma ɓoye gaskiya har kwana uku. Kashi na biyu gaskiya ne, shi ya sa na kasa jin haushin takardar yadda nake so. Na amsa da layi uku. Bayan mako biyu aka ɗauke ni daga sashen labarai aka mayar da ni mai kula da ɗakin ajiyar shirye-shirye, wato ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda, aka ƙara mini tebur. Ban sake zama gaban makirfo ba. Ranar da na kwashe kayana muka haɗu da shi a baranda, ba kowa.

"Da kin yi haƙurin awa biyu, 'yata, da yanzu komai ya wuce."

"Haka ne, Bappa. Da komai ya wuce."

Da kakanku ya rasu a ƙarshen wannan shekarar, Bappa ne ya tsaya a kan komai, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Na ci gaba da durƙusawa ina gaishe shi har ƙarshen ransa, kuma ba munafunci nake yi ba. Mutanen gari kuwa sun ji muryata ta ɓace ƙarfe shida, suna bukatar dalili, goggonninku suka samar musu. Na ce wa Malam ya bari, domin in ya musa za a tambayi ainihin dalilin, in an bi shi kuma zai kai ga ɗakin da kakanku yake kwance, Bappa na zaune a gefensa. Ya ce to. Ko a wurin ɗaurin aure aka tsokane shi da mai kulle 'yar jarida, sai ya yi dariya ya ce a miƙo masa goro.

Abin da ke ci mini rai har yau ba makirfo ba ne. Kwana ukun nan ne. Ciwon da aka warkar cikin safiya ɗaya da aka faɗi gaskiyarsa, mun sa mutum biyu masu sanin aikinsu sun yi ta haƙa inda ba ruwa, mun kusa zubar da abin da ba a sayensa, duk don kada a ce wa babba a'a. Kuma ni ce na riƙe tocila.

Shekara bakwai na yi a wannan ɗaki kafin ritaya. Na jera komai, na sa wa kowane shiri suna da sunayen waɗanda suka yi magana a ciki, aikin da ba wanda ya sa ni kuma ba wanda ya duba. Ba a cika shigowa ba. Wata rana da damina mai gadi ya rako wani manomi daga Namtari, dattijo, ƙafarsa duk taɓo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi taka kafet. Ya ce an gaya masa wai an taɓa yin hira da mahaifinsa a shirin manoma, shi yana yaro a lokacin, kuma ba su da ko hotonsa. Na tambayi sunan, na duba, na samu. Minti huɗu ne. Na ba shi kujera ya ƙi, na kunna masa yana tsaye. Mahaifin nasa yana musu ne da malamin gona a kan tazarar shukar dawa, malamin yana cewa taku ɗaya, shi yana cewa malamin bai taɓa riƙe fartanya ba. Da ya ƙare mutumin ya ce in sake. Na sake. Ya ce in ƙara. A na ukun ya zauna a ƙasa, taɓo da komai, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne. Ko a rediyo sai da ya yi gardama."